Shin mutanen farko sun bauta wa beyar? Abin da ƙasusuwan kogo suka nuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa mutanen da suka zauna a kogwannin Turai dubban shekaru da suka wuce sun bauta wa beyar, har suna jera ƙoƙon kanta a wuraren tsafi. Gaskiya ne? Ta yaya masu tonon kayan tarihi ke gane haka daga ƙashi kawai? Kuma an taɓa samun beyar a Afirka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cewa mutanen farko sun farauci beyar sun feɗe ta, wannan ya tabbata. Cewa sun bauta mata kuwa, hujjar da aka fara kafa maganar a kanta ta rushe tun da daɗewa, ko da yake labarin bai daina yawo ba.

Beyar babbar dabbar daji ce mai yawan gashi, wadda Turawa ke kira bear, kuma iri biyu ake magana a kansu. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa wadda har yau tana nan a Turai, Asiya da Arewacin Amurka. Akwai kuma beyar kogo, wadda Johann Christian Rosenmüller ya raɗa wa sunan kimiyya Ursus spelaeus a 1794 daga ƙasusuwan wani kogo na kudancin Jamus. Namijinta kan kai kilo 400 zuwa 500, abincinta galibi tsirrai ne, kuma ta ƙare a duniya kimanin shekara 25,000 da suka wuce. Ka riƙe halinta guda ɗaya, domin shi ne mabuɗin komai: a cikin kogo take yin dogon barcin hunturu, watanni ba ci ba sha, da kitsen jikinta take rayuwa. Wadda ba ta tara isasshen kitse ba, da tsohuwa, da 'ya'yan da aka haifa a ciki, da yawa a nan suke mutuwa.

Shi ya sa yawan ƙashi ba hujjar komai ba ne. A kogon Drachenhöhle kusa da Mixnitz a Ostiriya, inda aka haƙi ƙasa don yin taki bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ƙiyasta ragowar beyar fiye da 30,000. Adadin na da ban tsoro, amma yi lissafi: beyar ɗaya ta mutu duk bayan shekara biyu, a shekara 60,000 ka samu 30,000, ba tare da mafarauci ko matsafi ya sa ƙafa a wurin ba.

Labarin bautar ya samo asali ne daga Drachenloch, wani kogo a tsaunukan Suwizalan mai tsayin sama da mita 2,400, wanda aka tona daga 1917 zuwa 1923 a ƙarƙashin Emil Bächler. Ya ba da rahoton akwatuna na faifan dutse cike da ƙoƙon kan beyar, da wani ƙoƙo da ƙashin cinya ya ratsa ta kumatunsa, ya ce aikin mutanen Niyandatal ne, wani jinsin mutanen da da suka zauna a Turai kafin zuwan mutane irinmu. Matsalar ita ce babu hoton akwatunan a inda aka same su. Yawancin tonon wani malamin makaranta, Theophil Nigg, shi ya yi da ma'aikatansa, Bächler ba ya wurin a kullum, kuma zanen da ya buga daga baya bai dace da na farko ba. Wannan babban rashi ne, domin tono rushewa ne: abin da ba a auna an ɗauki hotonsa kafin a ɗaga ba, ya tafi ke nan.

Sauran kuma kogon da kansa yana iya yin sa. Rufin kogon dutsen farar ƙasa yana ɓantarewa faifai-faifai, wani ya faɗi a tsaye, wani a kwance a kansa, sai ka ga kamar akwati. Beyar da ta shigo neman makwanci tana tone ƙasa, tana ture tsoffin ƙasusuwa zuwa gindin bango. Ƙananan ƙasusuwa su farfashe a ƙarƙashin tafinta, ƙoƙon kai da dogayen ƙasusuwa su maƙale a lungu su tsira. Ruwa ma yana jera dogayen ƙasusuwa su fuskanci gefe ɗaya. Bayan shekaru dubbai, mai tono ya tarar da ƙoƙuna biyar a lungu ɗaya, ya ɗauka hannu ne ya jera su.

To ta yaya ake gane hannun mutum? Ana wanke ƙashi a duba shi da madubin ƙara girma. Yankan wuƙar dutse siriri ne mai zurfi, gindinsa a tsuke, da 'yan layuka a cikinsa saboda bakin dutsen ba sumul yake ba. Haƙorin dabba yana barin rami mai faɗi, gindinsa a zagaye, sau da yawa da takwaransa a ɗaya gefen inda haƙorin ƙasa ya danna. Takawa a kan tsakuwa tana barin ƙarce marasa zurfi, barkatai. Daga nan sai a dubi gurbin yankan, kuma duk mahauci zai gane wannan: yanka a yatsu da kewayen kai na fiɗa ne, a gaɓoɓi na rarraba nama ne, a tsakiyar dogon ƙashi na yanke tsoka ne. Ɗanyen ƙashi da aka fasa don ɓargo yana karyewa a karkace da baki mai santsi, busasshe kuwa yana karyewa a miƙe, bakinsa kaca-kaca. Haƙori yana faɗin lokacin mutuwa, domin jikin saiwarsa na tara zobe duk shekara, mai faɗi lokacin ci, siriri lokacin barci. Shekarun ƙashin kuma da awon kabon 14 ake samun su, amma awon ba ya wuce kimanin shekara 50,000, kuma in gam ɗin da aka shafa wa ƙashi a gidan tarihi ya gurɓata samfurin, sai ya ba da shekarun ƙarya.

Da wannan awo, shaidu masu ƙarfi sun fito. A Schöningen ta Jamus an samu ƙasusuwan tafin beyar kogo masu siraran yanka, shekarunsu kimanin 300,000. Tafi ba shi da naman kirki, don haka fata ake nema, kuma fata ba ta feɗuwa sai gawa tana sabuwa. A Hohle Fels, ita ma a Jamus, an samu gaɓar ƙashin bayan beyar kogo da tsinin dutsen ƙyastu a kafe a ciki, na kimanin shekara 29,000. A kogon Bichon na Suwizalan, a 1956, an tarar da ƙasusuwan wani saurayi haɗe da na macen beyar mai launin ƙasa-ƙasa, da ɓarɓashin makami a ƙashin bayanta. Fassarar da ta fi dacewa ita ce ya raunata ta, ta shige kogo, ya bi ta, suka mutu tare. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna yawan beyar kogo ya fara raguwa sosai kimanin shekara 40,000 da suka wuce, daidai lokacin da mutane irinmu suka bazu a Turai suna neman kogwannin da ita ma take buƙata.

Akwai abin da har yau ake jayayya a kai. A Divje Babe ta Sulobeniya, a 1995, Ivan Turk ya samu ƙashin cinyar ɗan beyar mai huji a jere, ya ce sarewar Niyandatal ce. Wasu masana suka ce cizon dabba ne, musamman kurar kogo, 'yar'uwar kurar da muka sani, wadda ƙashi abincinta ne. Ƙashin ƙaramar dabba yana da taushi, haƙori kan huda shi bai tsage ba, kuma bakunan wannan ƙashi biyu a gaigaye suke. A ganina nauyin kawo hujja yana kan mai cewa sarewa ce.

Wurin da ya fi kusa da abin da ka ji shi ne kogon Chauvet a kudancin Faransa, wanda aka gano a Disambar 1994. Bakinsa ya toshe tun zamanin da, don haka komai yana inda aka bar shi: makwantan beyar, sawunta, ƙarcen faratanta a bango, ƙoƙuna kusan 200, da zanenta da jar ƙasa na kimanin shekara 36,000, wanda mai zanen ya fitar da tudun goshin da ya bambanta ta da ɗaya beyar. A wani ɗaki akwai ƙoƙo ɗaya a bisa dutsen da ya faɗo daga rufi. Mutum ne ya ɗora shi, kusan babu mai musun haka. Dalilinsa ne ƙashi ba zai faɗa ba. Yana iya zama girmamawa, yana iya zama alamar hanya, yana iya zama yaro ne ya ɗauka ya ajiye.

Inda girmama beyar ya tabbata sarai shi ne inda ƙashi ya haɗu da bayanin masu al'adar. Mutanen ƙabilar Sami na arewacin Suwidin da Norwe a da suna binne ƙasusuwan beyar bayan cin namanta, a jere kamar yadda suke a jiki, kai a gaba, kuma an tono irin waɗannan kaburbura. Abin lura, rubuce-rubucen ƙarni na 17 da 18 sun ce ba a fasa ƙashin, amma a kaburburan an samu dogayen ƙasusuwa a fashe don ɓargo. Mutanen Ainu na Hokkaido a Japan a da suna ɗauko ɗan beyar daga rami su rene shi shekara ɗaya ko biyu, sannan su kashe shi a bikin iyomante, da imanin suna mayar da ruhinsa gida. Ko sunanta wasu al'ummu ba sa kama wa: kalmar Rashanci medved asalinta mai cin zuma. Kuskure ne a ɗauki waɗannan al'adu na ƙarnonin baya-bayan nan a jingina wa Niyandatal, da tazarar shekaru dubbai masu yawa a tsakani.

Renon beyar shi ma tsoho ne. A La Grande Rivoire ta Faransa an samu muƙamuƙin beyar na kimanin shekara 8,000 da wani lotsawa iri ɗaya a gefe biyu tsakanin turamen haƙora. An ɗaura mata igiya a baki tun tana ƙarama, ƙashin ya girma yana kewaye igiyar. Wanda ya ga takunkumin masu wasa da kura zai gane abin da aka yi mata.

Afirka kuwa ta taɓa samun beyar, amma a zamanin tarihi a arewa kawai, a tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya. Marubucin Rumawa Pliny ya rubuta cewa a shekara ta 61 kafin miladiyya an fito da beyar 100 daga Numidiya, wata tsohuwar ƙasa ta arewacin Afirka, a filin wasan Rum. An daɗe ana shakkar maganarsa, har aka auna ƙasusuwan beyar daga kogwannin yankin aka ga wasu na ƙarnonin farko na miladiyya ne. Kudu da Sahara ba a san beyar ba a zamanin tarihi, shi ya sa ba ta cikin tatsuniyoyinmu tare da kura da zaki.