Tambayoyinku: Mene Ne Bambancin Alvarinho da Vinho Verde?

Tambaya: Ina aiki a wani gidan cin abinci a birnin Lisbon. Ni ba na shan giya, amma kusan kullum baƙi kan tambaye ni bambancin Alvarinho da Vinho Verde, da kuma abincin da ya dace da su. Ina so in riƙa ba su amsa bisa sani.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi kyakkyawar tambaya, domin mutane da yawa suna haɗa sunayen biyu kamar abu ɗaya ne. Vinho Verde suna ne na yanki da giyar da ake yi a cikinsa, shi kuwa Alvarinho nau'in inabi ne. Yankin yana arewa maso yammacin Fotugal, a lardin Minho, daga Kogin Minho da ya raba ƙasar da Sifaniya har zuwa wajen Kogin Douro, kuma tun a shekarar 1908 doka ta shata iyakokinsa. Ana noma inabi iri-iri a can, kamar Loureiro da Trajadura da Arinto da Avesso, kuma yawancin farar giyar Vinho Verde mai sauƙin kuɗi gauraye ce ta biyu ko uku daga cikinsu. Irin wannan tana da tsami mai kaifi, barasarta ba ta da yawa, sau da yawa tsakanin kashi 9 zuwa 11 cikin ɗari, kuma tana da ɗan kumfa mai tsikarin harshe.

Labarin Alvarinho ya sha bamban, kuma wurin da yake tsirowa shi ne dalili. Gidansa na asali shi ne Monção da Melgaço, garuruwa biyu da ke bakin Kogin Minho a can ƙarshen arewacin yankin Vinho Verde. Yawancin sauran yankin yana fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, ruwan sama yana sauka da yawa, iska kuma cike take da laima. Su kuwa waɗannan garuruwa biyu tsaunuka sun kare su daga iskar teku, don haka bazararsu ta fi zafi da bushewa, amma dare yana zuwa da sanyi. Zafin rana yana sa inabin ya nuna sosai ya tara zaƙi, sanyin dare kuma yana hana tsaminsa gushewa. 'Ya'yan Alvarinho ƙanana ne, fatarsu mai kauri, abin da ke taimaka musu wajen jure funfuna da ruɓewa a ƙasa mai damshi, sai dai ruwan da ake matsewa daga cikinsu kaɗan ne, kuma wannan yana cikin abin da ya sa giyar ta fi tsada. Idan aka zuba ta a kofi, launinta yana ɗan karkata zuwa rawaya, ƙamshinta kamar na ɓawon lemo da furanni, barasarta kuma takan kai kashi 12 ko 13 cikin ɗari. A ƙetaren kogin, a yankin Galicia na Sifaniya, inabin nan ne ake kira Albariño.

Wani abin da ya dace ka sani shi ne yadda manoman Minho suka saba ɗora kurangar inabi a kan dogayen rumfuna, ko su bar ta ta hau bishiyoyin gefen gona, saboda ƙasar da ke ƙarƙashi ta samu damar ɗaukar masara da kabeji, iska kuma ta ratsa 'ya'yan. Gonakin zamani sun koma layuka a kan waya, amma har yanzu ana ganin tsofaffin rumfunan da ginshiƙansu na dutse.

Game da abinci, a ganina kuskuren da aka fi yi shi ne a ba baƙo kowace kwalba da kowane kifi. Vinho Verde mara nauyi ta fi dacewa da gasasshen kifin sadin mai maiƙo da gishiri, ko soyayyen ƙaramin kifi, ko salak, domin tsaminta yana yanke maiƙon kamar yadda matsin lemon tsami yake yi. Alvarinho tana da jiki, saboda haka tana iya tsayawa da abinci mai nauyi: jatan lande da aka soya da tafarnuwa, shinkafar da aka dafa da kayan teku, ko bacalhau, wato busasshen kifi mai gishiri da ake gasawa da dankali da man zaitun. Ba ta dace da jan nama mai kauri ba, kuma kada a sanyaya ta fiye da kima, domin sanyi mai tsanani yana toshe ƙamshinta. Digiri 10 ko kusa da haka ya wadatar. Idan baƙo ya nemi Alvarinho ta asali, duba takardar jikin kwalbar ka ga ko an rubuta Monção e Melgaço.