Gayyatar cin abinci a Sifaniya: me zan kiyaye?

Malam, ka ce abokin karatunka a Granada ya gayyace ka cin abinci a gidan iyayensa, kana gudun yin abin kunya. Kwantar da hankalinka.

Mutanen Sifaniya ba sa cin abincin rana sai ƙarfe 2 zuwa 3, na dare kuwa sai 9 ko 10, don haka ɗan taɓa wani abu kafin ka fita. Riƙe 'yar tsaraba, ko cakulan ce.

Gaisuwa ce za ta fi ba ka wuya. Maza kan yi musabaha, amma mace da namiji kumatu suke haɗawa, dama da hagu, ko da ranar suka fara haɗuwa. In ba ka so, yi saurin dafa ƙirji da murmushi tun kafin uwar gida ta matso.

Gaya wa abokinka tun da wuri ba ka cin alade, ba ka shan giya. Aladen kan ɓuya har cikin romo da dafaffen wake.

An gama ci, kada ka zabura ka miƙe; hirar kan tebur takan kai awa guda, kuma a ganina nan ne daɗin yake. Sai dai kar ka fara tono zancen Franco (janar ɗin da ya yi musu mulkin kama-karya), yaƙin basasar 1936 zuwa 1939, ko yunƙurin ɓallewar yankin Kataloniya daga ƙasar.