Tambaya da Amsa: In sayar da filina in tura yaro Kanada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni a Jidda nake zaune, sana'ar abinci nake yi, na ɗan tara abin da Allah ya hore kuma ina da fili a Kano. Yarona ya gama sakandare ya kafe shi sai Kanada, wai wani ejan ya ce masa in an biya kuɗin shekarar farko to sauran shi zai biya da aikin da zai riƙa yi har ma ya turo mana. Babansa ya ce kuɗina ne in yanke hukunci. Don Allah in sayar da filin? Daga Maman Abba, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana Abba ya yi masa albarka. Ni dai tsakani da Allah kar ki sayar da filin nan a kan maganar ejan, shi kamashonsa yake nema, ranar da haya ta ƙare a can ba za ki ganshi ba.

Kanada ɗin nan su kansu 'yan ƙasar kuka suke yi. A watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 8.1 cikin ɗari, rabon da su ga irin haka kusan shekara 40, sai babban bankinsu ya yi ta ƙara kuɗin ruwa daga 0.25 har ya kai kashi 5 a 2023, to su kuma yawancinsu gida da bashin banki suke saya kuma galibi duk bayan shekara biyar ake sabunta yarjejeniyar, da lokaci ya zo sai mutum ya ga abin da yake biya a wata ya yi sama, masu gidajen haya su ma suka ɗora wa 'yan haya. A Toronto ko Bankuba hayar gida mai ɗaki ɗaya ta wuce dalar Kanada 2,000 a wata, kin ga sama da riyal 5,000 ke nan. Ƙungiyar Food Banks Canada ta ce a watan Maris na 2024 kaɗai an je wuraren karɓar abincin taimako sama da sau miliyan 2, kuma da yawa cikinsu masu aiki ne wallahi, albashin ne ba ya kai su ƙarshen wata.

Yanzu mu zo kan lissafin ejan, don nan ne abin ya fi damuna. Doka ta ba ɗalibi ɗan ƙasar waje awa 24 ne kacal a sati ya yi aiki a wajen makaranta lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi a jihar Ontariyo, inda Toronto take, dala 17 ne da 'yan kai a awa, ki buga, dala 400 da ɗoriya a sati, kafin a cire haraji, kuma sai in ya samu aikin, don samari can ma layi suke bi. A ciki zai biya ɗaki, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi kayan sanyi, ya biya inshorar lafiya. Ina kuɗin makarantar zai fito, alhali baƙo yana biyan ninkin ba ninkin na ɗan ƙasa? Mu nan Saudiyya mun saba ba a taɓa albashi, can tun kafin ya shigo hannu an yanka, a kanti ma farashin da ke jikin kaya ba shi ke nan ba, a Ontariyo sai an ƙara kashi 13 a wajen biya. Yaro in ya matsu sai ya faɗa katin bashi mai ruwa kusan kashi 20, ga riba ga tashin hankali, Allah ya kiyaye.

Gwamnatinsu ma ta san da haka, shi ya sa a Janairun 2024 ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da shi daga dala 10,000 zuwa 20,635 ban da kuɗin makaranta, ta kuma rage yawan bizar ɗalibai.

Ba na so Abba ya ji an kashe masa gwiwa, neman ilimi abu ne mai kyau. Ki zaunar da shi da babansa, ya shiga shafin makarantar da kansa ya rubuto kuɗin duk shekarun har gamawa, a haɗa da haya da abinci, a mayar riyal. In kuɗinki zai ɗauka ba tare da an dogara da aikinsa ba, bismillah. In ba zai ɗauka ba ya yi digirin farko a Najeriya ko nan, jami'o'in Saudiyya suna ba baƙi tallafin karatu, in ya fita da sakamako mai kyau sai ya nemi sikolashif na digiri na biyu a Kanadan, filinki kuma yana nan.