Kada ka miƙa wa sakatare asusun root, ga yadda za ka yanka masa izininsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kun ɗora lissafin bashin taki da irin shinkafa na ƙungiyarku ta manoma a yankin Auyo a kan MySQL, manhajar rumbun bayanai, sakatare na son shiga daga kwamfutarsa amma sai ta rubuto masa "Access denied", wani kuma ya ce ka ba shi root, wato asusun da ke da iko a kan komai, a wuce wurin. Don Allah kada ka bi wannan shawarar.

Amma fara da abin gaggawa. Hoton allon da ka turo ya nuna kalmar sirrinku a fili. Goge hoton ba zai wadatar ba, don waɗanda suka gani sun riga sun gani. Canza ta yau ɗin nan. Idan kuma ƙunshin manhajoji na XAMPP ka saka, to MariaDB, 'yar'uwar MySQL, ce a cikinsa, kuma root ɗinta yana zuwa ne ba kalmar sirri sam, sai ka sa masa da kanka.

Ba ka faɗi lambar da ta fito tare da saƙon ba, ita ce kuwa rabin amsar. 1045 na nufin ba a ma karɓe shi ba tun wajen shiga. 1044 na nufin an hana shi wannan rumbun bayanan. 1142 kuma ya shiga rumbun, amma aikin da ya nema a kan wani teburi ne ba a ba shi ba. Daga bayaninka ina zaton 1045 ce. Dalili shi ne a MySQL asusu ba suna kaɗai ba ne, suna ne haɗe da inda mutum ya fito. 'sakatare'@'localhost' yana aiki ne a kan kwamfutar da rumbun yake kawai. Tunda shi daga wata kwamfutar yake zuwa, sai ka buɗe masa asusun da ya dace da layin ofishinku:

CREATE USER 'sakatare'@'192.168.1.%' IDENTIFIED BY 'kalmar sirri mai ƙarfi';
GRANT SELECT, INSERT ON kungiya.biya TO 'sakatare'@'192.168.1.%';

Ka gyara lambobin da sunan teburin su dace da naku. Ka lura layi biyu ne. Tun daga MySQL 8.0 da ya fito a 2018, GRANT ya daina ƙirƙirar asusu da kansa, shi ya sa tsofaffin darussan da ke yawo a intanet suke ba mutane wahala. Kada kuma ka sa % shi kaɗai a wurin adireshin, domin hakan na nufin a shigo daga ko'ina.

SELECT (dubawa) da INSERT (shigarwa) kawai na ba shi. Da gangan na hana shi UPDATE (canzawa) da DELETE (gogewa), kuma nan ne zan ɗan tsaya. Na daɗe ina kula da irin wannan lissafin a ƙauyukan wajen Gumel da Maigatari. A wata ƙungiya da aka kira ni bayan girbi, kowa da asusu ɗaya yake shiga: shugaba, ma'aji, sakatare, har yaron da ke taya su buga bayanai. Aka wayi gari bashin wani manomi ya ragu, babu rasit, babu wanda zai iya cewa hannun wane ne. Wataƙila ma kuskuren yatsa ne. Amma zargin ya faɗa kan ma'aji, dattijon da ya shekara yana riƙe musu amana, har ya daina zuwa taro. Mutanen da masallacinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, akwai auratayya a tsakaninsu. Wannan abin ya fi min ciwo fiye da kuɗin da ake magana a kai. Shi ya sa nake cewa taƙaita izini kariya ce ga mai gaskiya tun kafin ta zama shinge ga mai son cuta.

Idan sakatare ya yi kuskure wajen shigar da biya, ya ƙara sabon layi na gyara, kamar yadda ake yi a littafin lissafi na takarda: ba a yage shafi, ana rubuta gyaran ne a ƙasa kowa ya gani. Ka kuma ƙara gurbi biyu a teburin, ɗaya na lokaci, ɗaya na sunan asusun da ya shigar, don ba kowa asusunsa shi kaɗai ba ya ajiye tarihin wanda ya yi me. In kuwa manhajarku da asusu guda take haɗuwa da rumbun, to rabon izinin mutane a cikin manhajar za a yi shi, ita kanta kuma kada ta riƙa shiga da root.

Shugaba zai iya jin nauyin a ce an rage masa iko. Ni nakan ba shi SELECT a kan komai, in ce masa: ranka ya daɗe, za ka ga duk abin da ke ciki, kuma in wani abu ya canza ba mai iya cewa kai ne. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi wannan ba. Duk wanda ya bar aiki kuma, a cire asusunsa da DROP USER a ranar. Sannan ka riƙa ɗaukar kwafi da mysqldump kana ajiyewa a filas, ganin yadda wuta take a wajenmu.

In ya ƙi bayan wannan, turo mana abu uku: lambar saƙon, abin da SELECT VERSION() ya nuna, da sakamakon SHOW GRANTS FOR 'sakatare'@'192.168.1.%'. Ka kwafo rubutun maimakon hoto, ka share duk wata kalmar sirri da sunayen manoma da lambobin wayarsu, don bashin mutum sirrinsa ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. A nan fili za ka turo, ba ta saƙon sirri ba, saboda wani ya gyara ni in ya ga abin da ban gani ba. In ya yi aiki ma ka dawo ka faɗa mana wanne ne ya warware shi. Allah ya ba da damina mai albarka.