Yaya Wuta Ke Cin Birnin Da Ke Bakin Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce gobara ta sha cinye birnin San Francisco na ƙasar Amurka, alhali kuwa ruwa ne ya kewaye shi ta ɓangarori uku. Ina roƙon a fahimtar da ni yadda wuta ke gagarar mutanen da ke zaune a gaɓar teku.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma tarihin birnin ya nuna cewa kusanci da ruwa ba ya kashe wuta, sai an tanadi hanyar kai ruwan inda take ci.

Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa garin, aka kakkafa tantuna da gidajen katako a cunkushe, ga fitilun mai da kyandir a cikinsu, ga kuma iskar da ke kaɗawa daga tekun Fasifik tana rura duk wutar da ta tashi. Daga Disambar 1849 zuwa Yunin 1851 an yi manyan gobara shida, kuma ta watan Mayun 1851 kaɗai ta lashe kusan kashi uku cikin huɗu na garin.

Wadda ta fi muni ita ce ta 1906. Da asubahin 18 ga Afrilu, da ƙarfe 5:12, girgizar ƙasa ta farfasa bututun gas, ta kifar da murahu, sannan ta tsinka manyan bututun da ke kawo wa birnin ruwa, har 'yan kwana-kwana suka riƙa jona mesa a famfunan titi ba tare da ko ɗigo ya fito ba. Shugabansu, Dennis Sullivan, wanda ya daɗe yana gargaɗi a kan raunin tsarin ruwan, gini ya rufto masa tun a girgizar, ya kuma rasu bayan 'yan kwanaki. Da aka rasa ruwa sai aka koma rushe gidaje da nakiya domin a datse wa wutar hanya, amma da yake masu aikin ba su ƙware ba, a wurare da dama sababbin gobara suka tayar. A ganina, wannan gaggawar ta ƙara ɓarna matuƙa. Wutar ta yi kwana uku tana ci, ta ƙone gine-gine kimanin 28,000, mutane sama da 3,000 suka halaka a girgizar da gobarar, fiye da rabin mazauna birnin kuma suka rasa matsuguni. Jiragen ruwa sun ceci wani yanki na tashar ruwa da ruwan teku, sai dai mesarsu ba ta kai yawancin unguwannin birnin ba.

Daga baya hukumomi suka gina wani tsarin ruwa na musamman domin kashe gobara kaɗai, wanda aka kammala a 1913, mai babbar ma'ajiyar ruwa a tudun Twin Peaks da injuna masu zuƙo ruwan teku. Akwai kuma rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake gane su da da'irar jan bulo a mararrabar tituna. Lokacin girgizar ƙasar 17 ga Oktoba, 1989, da ruwan famfo ya sake yankewa a unguwar Marina, jirgin kwana-kwana mai suna Phoenix ne ya turo ruwan teku ta dogayen mesa har aka shawo kan wutar.