Digirin binciken yis da aikin maganin ciwon daji

Ka tambaya ko digirinka kan ƙwayoyin gadon yis zai samo maka aiki a sashen ciwon daji na kamfanin magunguna. Zai samo, malam, kada ka raina shi.

A jikin yis masanin kimiyya Paul Nurse ya gano cdc2, ƙwayar gadon da ke samar da furotin mai ba ƙwayar halitta umarnin rabuwa, a 1987 kuma ya samo takwaransa a jikin mutum. Palbociclib, maganin sankarar mama, dangin furotin ɗin nan yake toshewa. Sai dai ka koyi renon ƙwayoyin jikin mutum tun yanzu. A wajenmu shi ake fara tambaya ranar intabiyu, don ƙwayoyin jikin mutum ba su da juriyar yis: ƙazanta kaɗan ta shiga kwalba, aikin ya lalace.