Zai ba ni sefa dubu 200 in bar masa littafina gaba ɗaya: in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Garwa. Ina rubuta labaran binciken kisa da sata da Hausa, ina sakawa a WhatsApp, kuma duk labaran mutum ɗaya ne yake warware su, wani tsohon jandarma mai ritaya da na ƙirƙira. Wani mai harkar littattafai ya ce zai ba ni sefa dubu 200 ya saye na farkon "da duk abin da ke cikinsa", ya buga, ya kuma sa a karanta a YouTube. Ya ce tunda ban yi rajista ba, a doka ba nawa ba ne, kowa na iya ɗauka, gara in karɓa tun ana so. Ya ce manyan marubutan Turai ma haka suka fara. Wallahi hankalina a tashe yake, ina tsoron in ƙi, a sace, in tashi a tutar babu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sa hannu, kada kuma ki karɓi ko dala ɗaya da sunan kafin alƙalami, sai kin ga takarda kin karanta ta a natse.

Maganar rajista ƙarya ce, kuma ita ce ƙaryar da ta fi gajiyar da ni a harkar gyaran rubutu da ɗab'i. Kusan duk matashin da ya kawo mini rubutunsa, daga Marwa har Ngaundere, sai ya fara da tambayar nawa ne kuɗin rajista. Babu wata rajistar da ke mai da littafinki naki. Dokar Kamaru ta haƙƙin mallakar marubuta, ta ranar 19 ga Disamba 2000, ta ba mutum haƙƙin aikinsa saboda shi ya ƙirƙira shi, ba don ya biya wani ofis ba. Yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya a kan haƙƙin marubuta, wadda Kamaru da Chadi duk suna cikinta, ita ma ba ta gindaya sharaɗin cika wata takarda ba. Ranar da kika rubuta babi na ɗaya, ranar haƙƙinki ya tabbata. Wannan doka kuma ta ce ba wanda zai ci moriyar aikin wani sai da izininsa a rubuce.

Sai ki ji wani ya ce a ba shi kuɗin mota zai je Yawunde ya samo hatimin OAPI. Ita wannan hukuma tana nan, hedikwatarta a Yawunde, amma abin da ake zuwa yi wa rajista a wurinta su ne tambarin kasuwanci da sababbin ƙere-ƙere da makamantansu. Labarin jandarmanki bai jiran hatiminta. Abin da ajiye kwafi a wata hukuma yake yi miki shi ne shaida: ranar kaza, wannan rubutu yana hannun wance. Don haka shiga SOCILADRA, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin marubutan adabi a Kamaru, abu ne mai amfani, kamar yadda 'yan'uwanmu na Njamena suke da BUTDRA. Amma shaida daban, mallaka daban. Kuma shaida kina da ita tuni: littattafan rubutunki na hannu, saƙonnin da ke ɗauke da kwanan wata, da ɗimbin mutanen da suka karanta daga lambarki. Ki adana su. Mutumin da ya ce miki abu ba naki ba ne, sannan ya zaro dubu 200 zai saya a hannunki, ai ya ƙaryata kansa da bakinsa. Wa ke biyan kuɗin abin da kowa zai iya tsinta?

Batun Turawa kuwa ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa ba. Arthur Conan Doyle matashin likita ne a kudancin Ingila, marasa lafiya ba su cika zuwa wurinsa ba, lokacin da ya rubuta littafin farko na Sherlock Holmes, mai binciken laifuka da ya ƙirƙira. A 1886 wani kamfani ya ba shi fam 25 a kan ya bar musu haƙƙin littafin ɗungurungum. Ya nemi a riƙa ba shi kaso daga ciniki, suka ƙi, ya haƙura ya karɓa. Littafin ya fito a 1887, kuma da sunan Holmes ya cika duniya suka yi ta sake bugawa, shi ko ƙwandala bai ƙara gani ba daga wannan littafin. Abin da ya cece shi guda ɗaya ne: littafi ɗaya ya sayar, bai sayar da Holmes ba. Shi ya sa daga 1891 ya iya rubuta sababbin labaransa a wata mujalla a farashin da ya ga dama, har ya ajiye aikin likita.

Nan ne kalmar "da duk abin da ke cikinsa" take ba ni tsoro. A irin wannan rubutu, dukiyar marubuci tana jikin mai binciken da yake dawowa littafi bayan littafi. Georges Simenon, ɗan Beljiyam da masu karatun Faransanci a nan suka sani, littattafai 75 ya rubuta a kan kwamishina Maigret. Agatha Christie, 'yar Ingila, ta yi 33 a kan mai bincikenta Poirot. Jandarmanki shi ne gonar, kowane labari kuwa amfanin shekara ɗaya ne. Ana sayar da amfani, ba a haɗawa da gona a kyauta. In kika sa hannu a kan waccan kalma, gobe zai iya ɗauko wani yaro ya rubuta masa kashi na biyu da na uku, ya kuma ce ke ba ki da ikon taɓa mutumin da kika ƙirƙira.

Ita ma Christie ta sha nata. Littafinta na farko ya fito a 1920 bayan kamfanoni da dama sun mayar mata da shi, sai murna ta sa ta amince da yarjejeniyar da ba ta ba ta kaso ba sai an sayar da kwafi 2,000, ta kuma ɗaure ta da ƙarin littattafai biyar. Sai da ta sauke wannan nauyi kafin ta koma wani kamfani a 1926.

Ba na ce ki kori mutumin ba. Mai buga littafi ba maƙiyi ba ne, kuma kuɗin takarda da tawada ba wasa ba ne. Ki ce masa za ki ba shi izinin bugawa, ba sayarwa ba. A rubuta sunan littafin guda ɗaya, shekara nawa izinin zai yi, kwafi nawa, a waɗanne ƙasashe (kasuwar Kano daban ce da ta Garwa), da kasonki a kan kowane kwafi. Dubu 200 ɗin ta zama kafin alƙalami daga cikin wannan kaso. Karantawa a YouTube, fassara zuwa Fulatanci ko Faransanci, da mai da shi fim, kowanne cinikinsa daban. A rubuta ƙarara cewa jandarman da duk labaransa na gaba naki ne, kuma sunanki ne zai hau bango. A sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Alli kuma kada ki ajiye shi tukuna. Albashin nan, komai ƙanƙantarsa, shi ne yake ba ki ƙarfin cewa a'a. Sannan daga yau ki daina sakin babin ƙarshe kyauta a WhatsApp: mai karanta labarin bincike sunan wanda ya yi kisan yake biya ya ji, don haka babi biyun ƙarshe su zauna a hannunki har littafin ya fito.